Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Tarihin Daidaita Amfilifaya da Lasifika a Gidajen Ma'abota Sauti

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu sayar da kayan wuta a kasuwannin Maraɗi ko Damagaram ko Kano, ya san tambayar farko da mai saye yake yi idan ya tsaya a gaban kayan sauti: "Wannan wat nawa ne?" Mai shago sai ya juyo masa kwali, ya nuna lambar da aka rangaɗa da manyan baƙaƙe, 2,000 ko 5,000, a ƙulla ciniki a kan haka. Tambayar ba a kasuwanninmu aka haife ta ba. Ta taso ne daga Amurka da Ingila da Japan, inda tun tsakiyar ƙarni na 20 aka sami wani rukuni na mutane masu kashe dukiya da lokaci don ganin waƙar da suka saka a ɗakinsu ta fito tamkar mawaƙin yana gabansu. A tsakaninsu an shafe fiye da shekara 70 ana muhawara a kan ƙarfin da ya kamata amfilifaya ta kasance da shi.

Wannan maƙala za ta bi diddigin muhawarar daga tushe. Abin da za ta nuna shi ne, lambar wat ita kaɗai ba ta gaya wa mutum komai, sai an ambaci lasifikar da za a haɗa amfilifayar da ita. A kowane zango na wannan tarihi, sauyin da aka samu a ƙirar lasifika shi ne ya tilasta wa amfilifaya ta sauya. Wanda bai san haka ba yakan yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ya ƙona kayansa, wani lokaci ma ya cutar da kunnensa.

2.0 Fashin Baƙin Wasu Kalmomi

Amfilifaya na'ura ce da take karɓar raunannen saƙon lantarki daga faifai ko kaset ko wayar hannu, ta ƙara masa ƙarfi. Lasifika, wadda Hausawa suka raɗa wa suna amsa-kuwwa, ita take mayar da wannan ƙarfi ya koma sauti. A cikinta akwai maganaɗisu, da naɗin siririyar waya wanda masu gyara suke kira koyil, da kuma takarda mai siffar mazurari. Idan lantarki ya ratsa koyil, sai koyil ɗin ya riƙa kai da komowa a tsakiyar maganaɗisu yana jan takardar, ita kuma tana girgiza iska, girgizar ta iso kunne a matsayin sauti.

Ma'aunai uku ake amfani da su a wannan fage. Na farko shi ne wat, ma'aunin ƙarfin da amfilifaya take bayarwa, wanda aka sa wa sunan James Watt, injiniyan nan na Sikotlan. Na biyu shi ne om, daga sunan Bajamushe Georg Ohm, kuma da shi ake auna turjiyar da lasifika take yi wa kwararar lantarki. Yawancin lasifikokin gida om 8 ko 6 ko 4 ake rubuta musu, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan lantarkin da lasifikar take zuƙa daga amfilifaya. Na uku shi ne desibel, ma'aunin ƙarar sauti, wanda yake ɗauke da sunan Alexander Graham Bell.

Akwai kuma abin da za mu kira kaifin amsawa, wato yawan desibel ɗin da lasifika take fitarwa idan aka ba ta wat 1 tak, aka auna daga nisan mita 1. A nan ne lissafin yake da ban mamaki. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, ƙarin da kunne yake ji kaɗan. Kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wanda yake buƙatar ninka wat sau goma. Lasifika mai kaifin desibel 87 za ta ba da 97 da wat 10, ta ba da 107 da wat 100. Wata mai kaifin 97 kuwa, wat 10 ya ishe ta ta kai 107 ɗin. Idan ɗalibi ya riƙe wannan lissafi, sauran tarihin zai zo masa da sauƙi.

3.0 Zamanin Bututu da Ƙarancin Wat

Garmaho na farko ba ya amfani da lantarki wajen fitar da sauti. Allura ce take bin zanen faifai tana girgiza wani ɗan siririn falle, sai bututu mai faɗin baki ya ɗauki girgizar ya yaɗa ta. Hikimar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san kakaki, domin a nan ma siririn bututu mai buɗewa a ƙarshe shi yake sa hucin mutum ɗaya ya cika filin fada. Bututu ba ya ƙirƙirar ƙarfi daga babu. Aikinsa shi ne ya sa ɗan ƙarfin da yake akwai ya kama iska sosai, kada ya tafi a banza.

A shekarar 1906 Lee de Forest ya ƙera bawul mai ƙafa uku, wata ƴar kwalba mai kama da ƙwan fitila, wadda bayan ƴan shekaru aka gano tana iya ƙara wa saƙon lantarki ƙarfi. A 1915 kuma Peter Jensen da Edwin Pridham suka haɗa lasifika mai koyil da bututu a garin Napa na jihar Kalifoniya, suka sa mata suna Magnavox. A jajiberin Kirsimeti na wannan shekara suka jiyar da taron jama'a kiɗa a gaban ofishin magajin garin San Faransisko, kuma a 1919 shugaban Amurka Woodrow Wilson ya yi jawabi da irin na'urarsu a San Diyego.

Lasifika mai takarda irin wadda muka sani a yau ta samo asali ne daga binciken Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric, waɗanda suka wallafa sakamakon aikinsu a 1925. A shekarar da ta biyo baya kamfanin RCA ya fitar da ita kasuwa da sunan Radiola 104, a kan dala 250. Abin lura shi ne, an sayar da ita haɗe da amfilifayarta a akwati ɗaya, kuma ƙarfin amfilifayar kusan wat 1 ne. Ke nan tun ranar farko masu ƙirar sun ɗauki abubuwan biyu a matsayin tagwaye.

Da fim mai magana ya bayyana a 1927, sai aka fuskanci matsalar cika ɗakin silima mai ɗaukar ɗaruruwan mutane da sauti, alhali amfilifayoyin lokacin ƴan wat ƙalilan suke bayarwa. Injiniyoyin Western Electric suka warware matsalar da manya-manyan bututuna da ake girkewa a bayan allon kallo. Dalilin nasarar shi ne, lasifikar gida ta yau da kullum abin da take mayarwa sauti daga lantarkin da aka ba ta galibi bai kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk zafi yake zama, amma mai bututu takan wuce kashi 10. A zamanin da wat yake da tsada, dole lasifika ta zama mai tattali, kuma farashin tattalin shi ne girman jiki.

4.0 Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Sha'awar sauti mai inganci a gida ta kankama ne bayan 1945. Dubban matasa sun koyi aikin rediyo da na'urorin sadarwa a soja, sun dawo gida da ilimi a kai, ga kuma kayan lantarki da yaƙi ya bari ana sayar da su da araha. A 1946 Paul Klipsch ya kafa kamfaninsa a garin Hope na jihar Akansas, yana ƙera Klipschorn. Wannan lasifika bututu ce da aka nannaɗe a cikin akwati, ana jingina ta a kusurwar ɗaki don bangon biyu su zama ci gaban bakin bututun. Kaifin amsawarta ya haura desibel 100, kuma har yau ana ƙera ta. An san Klipsch da ra'ayin cewa abin da ake buƙata shi ne amfilifaya mai wat 5 amma mai nagarta, kuma ga mai irin lasifikarsa maganar tana kan hanya.

A Ingila, mujallar Wireless World ta buga zanen amfilifayar D. T. N. Williamson a 1947. Wat 15 take bayarwa, amma jirkicewar sautinta ba ta wuce kashi 0.1 cikin 100 ba, saboda ta yi amfani da dabarar mayar da wani yanki na saƙon da ya fita zuwa mashiga don ya gyara kuskure, dabarar da Harold Black ya gano a 1927. Masu sha'awa a ƙasashe da dama suka riƙa haɗa ta da hannunsu a gida. A 1953 Peter Walker ya fitar da Quad II, ita ma mai wat 15, sannan a 1957 ya biyo ta da wata lasifika da ba ta da koyil, sai wani siririn falle da lantarki yake girgizawa kai tsaye. An tsara su ne su zauna tare, kuma waɗanda daga baya suka haɗa wannan lasifika da amfilifaya mai ƙarfin da ya zarce ƙima sun ga yadda tartsatsin wuta yake huda fallen.

Amfilifayar bawul galibi ba ta iya jan lasifika kai tsaye, sai ta hanyar taransifoma. Shi ya sa a bayanta ake samun wuraren ɗaura waya daban-daban, na om 4 da na 8 da na 16. Mai kaya a wancan zamani ba shi da zaɓi sai ya san turjiyar lasifikarsa kafin ya ɗaura waya, don haka daidaitawa ta kasance darasin farko da kowane sabon shiga yake koya.

5.0 Juyin da Villchur Ya Kawo

Matsalar manyan lasifikoki ita ce muhalli. Ba kowane gida yake da kusurwar da za a ba akwati mai girman firji ba, kuma da faifan sitiriyo ya shigo a 1958 sai buƙatar ta koma akwati biyu. Wanda ya buɗe hanya shi ne Edgar Villchur, wani malami a Niyok. Ya lura cewa idan aka rufe ƙaramin akwati ruf, iskar da take ciki za ta iya riƙe takardar lasifika ta mayar da ita mazauninta bayan kowane motsi, kuma ta yi wannan aiki da daidaito fiye da taurin gefen takardar. Kamfanonin da ya tuntuɓa ba su karɓi shawarar ba, sai shi da ɗalibinsa Henry Kloss suka kafa Acoustic Research a 1954 suka fitar da AR-1. A 1958 suka biyo da AR-3. Akwati ne da ake iya ɗorawa a kan kanta, amma yana fitar da sauti mai kauri irin wanda a da sai ƙaton akwati. Zuwa 1966 kamfanin ya mamaye kusan kashi ɗaya cikin uku na kasuwar lasifika a Amurka.

Sai dai kuma ba a samun irin wannan riba kyauta. Sabuwar lasifikar ba ta da kaifin amsawa, wato tana cin wat da yawa kafin ta yi ƙara. Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH a 1957, shi ake danganta wa ƙa'idar da ta fayyace lamarin: a cikin ƙanƙantar akwati da kaurin sauti da kaifin amsawa, biyu kaɗai mai ƙira zai iya samu a lokaci guda, dole ya sadaukar da na ukun. Klipsch ya sadaukar da ƙanƙanta, Villchur ya sadaukar da kaifi. Tazarar da take tsakanin ƙirar biyu takan kai kusan desibel 20, kuma bisa lissafin da ya gabata wannan yana nufin ninki 100 na wat. Ƙarar da wat 1 yake bayarwa a ɗaya, sai an nemi kusan wat 100 a ɗayar.

Daga nan ne yunwar wat ta fara. Amfilifayar Dynaco ST-70 ta David Hafler, wadda ta fito a 1959 da wat 35 a kowane ɓangare, ta samu karɓuwar da aka sayar da fiye da guda 300,000, akasari a warwatse mai saye ya haɗa da kansa. Wat 15 da ya wadatar shekara goma da suka wuce ya fara zama kaɗan.

6.0 Tiransista da Gasar Lambobi

An ƙirƙiro tiransista a ɗakin binciken Bell a ƙarshen 1947, amma sai a shekarun 1960 ta kai matsayin da za ta maye gurbin bawul a amfilifayar gida. Ba ta buƙatar taransifoma tsakaninta da lasifika, ba ta ɗaukar zafi kamar bawul, kuma ta karya farashin wat. A 1967 kamfanin Crown ya fitar da DC300 mai wat 150 a kowane ɓangare. A farkon shekarun 1970 Bob Carver ya zo da Phase Linear 700 mai wat 350 a kowane ɓangare. Hujjar Carver da masu ra'ayinsa tana da tushe. Kiɗa ba ya tafiya a kan ƙara ɗaya. Dukan ganga ko tashin murya yakan zarce matsakaicin sauti da desibel 10 zuwa 20 na ɗan ƙiftawar ido, don haka mai sauraren da yake cin wat 1 a matsakaici zai iya buƙatar wat 10 zuwa 100 a wannan ɗan lokaci.

Da masu talla suka fahimci cewa lamba ce take sayar da kaya, sai aka shiga wasa da ita. Wani ya auna ƙarfin na ɗan daƙiƙa kafin wutar cikin na'urar ta ragu, ya kira shi ƙarfin kiɗa. Wani ya ɗauki ƙololuwar igiyar lantarki maimakon matsakaicinta, lambar ta ninka. Wani ya tara na ɓangaren dama da na hagu, ya auna a kan om 4, bai kuma damu da yadda sautin ya jirkice ba. Ta haka amfilifaya mai wat 10 na haƙiƙa takan fito a talla da lambar da ta ninka haka sau da yawa. Abin ya yi ƙamari har Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayyar Amurka ta kafa doka a 1974. Dokar ta wajabta a bayyana ƙarfin da na'ura take iya bayarwa a ɗore, duka ɓangarorin suna aiki, tare da faɗin turjiyar da aka auna a kai, da zangon sautin, da iyakar jirkicewarsa. Ta kuma ce sai an gasa na'urar na awa ɗaya a kan sulusin ƙarfinta kafin a auna.

Dokar ta tsabtace lambobi, amma gasar ta ci gaba, a wannan karo da wat na gaske. Kamfanonin Japan suka ja ragama. A 1978 Pioneer ya fitar da SX-1980 mai wat 270 a kowane ɓangare da nauyin kusan kilo 35, Technics kuma ya fitar da SA-1000 mai wat 330. Abin da talla ba ta faɗa ba shi ne, tazarar wat 270 da 330 ba ta kai desibel 1 ba, bambancin da da wuya kunne ya tantance shi a cikin kiɗa.

7.0 Masu Komawa Baya

A daidai lokacin da gasar ta kai ƙololuwa, sai wata ƙaramar amfilifaya ta ba da mamaki. NAD 3020, wadda Bjørn Erik Edvardsen ya tsara a ƙarshen shekarun 1970, wat 20 kacal aka rubuta mata. Amma an gina ta yadda za ta iya ba da lantarki mai yawa na ɗan lokaci idan turjiyar lasifika ta faɗi, don haka ta riƙa jan lasifikokin da suka gagari wasu masu lambar da ta fi tata. Ta shiga sahun amfilifayoyin da aka fi saye a tarihin wannan sana'a. Darasin da ta koyar shi ne, om 8 da ake rubuta wa lasifika ƙiyasi ne kawai. Turjiyar gaske tana hawa da sauka gwargwadon kauri ko sirantar sautin da ake bugawa, takan faɗi ƙasa da om 4 a wani wuri, ta haura 20 a wani. Gwajin da aka yi a kan turjiya tsayayya ba ya nuna yadda na'ura za ta yi da irin wannan hawa da sauka.

Misali mafi tsanani ya zo a shekarun 1980, lokacin da kamfanin Apogee ya fitar da Scintilla mai turjiyar om 1. Amfilifayoyi da yawa masu manyan lambobi sun kasa jan ta, wasu su ɗauki zafi su kashe kansu. Kamfanoni irin su Krell sun yi suna ne saboda nasu suna jurewa. A ɗaya gefen kuma akwai LS3/5A, ƴar ƙaramar lasifikar da BBC ta tsara a tsakiyar shekarun 1970 don motocin ɗaukar shiri a waje. Kaifin amsawarta bai wuce desibel 83 ba, ga shi kuma ƙanƙantarta ba ta barin ta ɗauki wat mai yawa. Mai ita dole ya haƙura da matsakaiciyar ƙara a ƙaramin ɗaki, ko nawa ya kashe a kan amfilifaya.

A Japan kuwa wasu masu sha'awa sun juya baya gaba ɗaya. Tun shekarun 1970 suka riƙa farautar tsofaffin kayan siliman Western Electric, suna haɗa amfilifaya da bawul ɗaya tak a kowane ɓangare, musamman samfurin 300B na 1938 wanda yake ba da kusan wat 8, suna haɗa ta da lasifika mai bututu. Jean Hiraga ya yaɗa wannan ra'ayi a Faransa ta hanyar rubuce-rubucensa, daga baya ya isa Amurka. Hujjarsu ita ce, a gida mutum yakan shafe yawancin saurarensa a cikin wat na farko, don haka ingancin wannan wat ɗaya ya fi muhimmanci a kan ɗari biyun da suke jiran ko-ta-kwana. Injiniya Nelson Pass ma ya sa wa wani kamfaninsa suna First Watt saboda wannan tunani. Idan aka duba da kyau, su da Carver ba su saɓa a kan lissafi ba. Lasifikokin da suke magana a kansu ne suka bambanta.

8.0 Abin da Yake Ƙona Lasifika

Tambayar da ta fi yawo a tsakanin masu sha'awa ita ce, babbar amfilifaya ce take kashe lasifika ko ƙarama? Amsar ita ce kowacce tana iyawa, ta hanyarta. Babba takan tura wat fiye da abin da koyil zai jure, ya yi zafi ya ƙone, ko ta tura takardar ta wuce iyakarta ta yage. Ƙarama kuwa, idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, sai ta kasa kai igiyar sauti ƙololuwarta, ta riƙa guntule mata kai. Sautin ya koma mai kaushi da tsatsa, matsakaicin ƙarfin da yake shiga lasifika ya ƙaru, kaso mai yawa kuma ya tafi ga ƴar ƙaramar lasifikar siririn sauti, wadda koyil ɗinta ƴan wat kaɗan yake ɗauka. Ita ce takan fara mutuwa. A duka halin biyu kunne yana samun gargaɗi kafin ɓarna ta auku, domin sauti yakan fara ƙazancewa. Hannun da ya ƙi rage murya a lokacin shi ne mai laifi.

Wani kuskuren shi ne tara lasifikoki a kan waya ɗaya. Idan aka haɗa biyu masu om 8 kafaɗa da kafaɗa, turjiyar takan koma om 4, huɗu kuma su mayar da ita om 2, amfilifaya ta shiga aikin da ba a gina ta dominsa ba. Sannan akwai kunnen kansa, wanda ba shi da kayan gyara a kasuwa. Ƙa'idar da hukumomin lafiyar ma'aikata da dama suke bi ita ce desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi.

9.0 Kammalawa

A yau wat ya yi arha fiye da kowane zamani, saboda sabuwar ƙirar amfilifaya mai kunnawa da kashewa cikin tsananin sauri, wadda take mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta sha zuwa aiki. Duk da haka tsohon wasan lambobi bai mutu ba. Ya dawo da haruffan PMPO da muke gani a kwalayen kasuwanninmu, ma'aunin da ba shi da wata ƙa'idar da aka yi ittifaƙi a kanta. Mai saye yana iya gane gaskiya da kansa idan ya juya bayan na'urar ya karanta wutar da take sha. Abin da yake shan wat 30 daga bango ba zai ba da wat 2,000 a ɗore ba.

Ƙa'idar Hofmann ma tana nan a gabanmu kullum. Lasifikar bututu da take kan hasumiyar masallaci ko kan motar mai tallar magani tana kai murya ƙarshen unguwa da ƴar amfilifayar da batirin mota yake ja, domin tana da kaifi kuma ba ta da girma, sai dai ba ta da kaurin sauti ko kaɗan. Saboda haka wanda zai sayi kayan sauti ya fara da lasifika: ya san kaifin amsawarta da turjiyarta, ya dubi girman ɗakinsa da nisan mazauninsa da irin ƙarar da yake so, sannan ya nemi amfilifayar da za ta kai shi can da ɗan rara. Magabata sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Idan mai shago ya ce kayansa wat kaza ne, sai a tambaye shi a kan om nawa aka auna, na tsawon wane lokaci, kuma da wace lasifika za a haɗa shi.